Ranar da Na Kira wa Likita Shaidu

Babana dillalin shanu ne a karar Gummi har ya bar duniya. Abin da na sani na sana'arsa ƙarshenta ne kawai: a zauna a tabarma, mai saye ya faɗi kuɗin da bakinsa, mai sayarwa ya ce ya sallama, Baba ya zare la'adarsa a gaban kowa, a shafa fatiha a watse. In gardama ta taso, sai ya aika a kira dattawa biyu su zauna shaida. Da wannan ɗan guntun sanin na fita duniya ina taƙamar ni ɗan dillali ne, ba a cuta ta a ciniki. Alhali ko akuya ban taɓa ja zuwa kasuwa ba. Boko aka sa ni, na ƙare a malamin lissafi a wata sakandare a Anka.

A Anka na sami aminin da ban taɓa samun irinsa ba. Kowa Likita yake ce masa, amma mai gwajin jini ne a asibiti, Kirista daga Filato. Ya zo ne lokacin da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da ƙauyukan kewaye. Waɗanda suka zo tare da shi sun gama aikinsu sun tafi, shi ya zauna. Uwayen da ba su yarda baƙo ya taɓa musu ɗa suna miƙa masa hannun yaransu ya ɗebi jini ba musu. Yardar ta kai har tsofaffin da 'ya'yansu ke ci-rani a Legas ko Abuja, ta asusunsa ake turo musu kuɗi. Ya je banki ya ciro, ya miƙa wa tsohuwa nata cif, in ta ce ya ɗauki na goro ya yi dariya ya ce haƙoransa ba su da ƙarfi.

Tare muke cin abincin rana. Yana kira na Ɗan Dillali, da tsokana, don kullum sai na yi jayayya da mai tuwo a kan yankan nama. In zan je Gummi gaida Inna, sau da yawa ya bi ni da abin awon hawan jininsa a jaka. Inna ta auna masa man shanu da daddawa, ta ce masa ɗanta na Anka. Ni kuwa ta ce ni ne ɗanta na Gummi da ba ya zuwa sai an yi masa rakiya.

A Anka ba ka rasa jin zancen zinare. Masu saye sukan duba waya su ga farashin duniya kafin su ɗora ƙwaya a sikeli. Tun ina kallonsu na fara tunanin cewa masu haƙa su ke shaƙar ƙura, amma riba tana can inda ake sa farashin. Wata rana na ci karo da bayani a waya kan wani ciniki da ake ce wa ofshon. Da na gane shi sai na yi dariya, don kafin alƙalami ne a cikin riga ta Turawa. Ka ba da ɗan kuɗi kaɗan a riƙe maka ikon sayen abu a kan farashin yau har zuwa wata rana da aka yanka. In farashi ya tashi kafin ranar, ka sayar da ikon ka ci riba. In bai tashi ba, ɗan abin da ka kafa ya tafi. Ana yin sa a kan hannun jarin kamfanonin waje, ana yin sa a kan abin da ke bin farashin zinare. Ban tambayi malamai hukuncinsa ba, kuma na san dalilin da ya sa ban tambaya ba.

Sai dai ba a shiga wannan kasuwa sai ta hannun dillali, wato kamfanin da zai buɗe maka asusu ya riƙa saye da sayarwa a madadinka. Neman wannan dillalin ya cinye mini dogon hutu ɗungurungum. Wani ka cike komai, sai ka zo wajen zaɓen ƙasa ka ga jerin ya tsallake daga Nikaragwa zuwa Norwe, babu mu a tsakani. Wani ya karɓi 'yan Najeriya, amma abin da zai sa ka fara ajiyewa ya fi albashina na shekara. Wani ya ci la'ada in ka shiga ciniki, ya sake ci in ka fita. Wani ma ganin farashi kawai sai ka biya shi duk wata. Ni kuwa abu ɗaya nake dubawa, la'ada. A kaina duk dillancin duniya a nan ya tsaya, don a nan na ga na Baba ya tsaya.

Daga ƙarshe na samo wani da la'adarsa ba ta kai kuɗin kwanon tuwo ba, kuma yana karɓar mu. Akwai wani dogon shafi na Turanci ƙanana-ƙanana da ya jera duk abin da ake cirewa. Na karanta layin farko, na ga abin da nake so, na rufe.

Sai takardu suka tare ni. Suna son fasfo na fita waje, da asusun dala, da takardar da ke nuna inda kake zaune, kamar ta biyan kuɗin wuta mai sunanka da sunan titi. Ni ɗakin haya nake a wani gida da in za ka kwatanta shi sai ka ce bayan masallaci, ka wuce mai injin niƙa, ƙofa mai shuɗin fenti. Na je wajen mai unguwa ya rubuta mini wasiƙa ya buga hatimi, na ɗauki hotonta na tura. Sau uku suna mayar mini da ita cikin ladabi, suna mini fatan alheri.

Likita yana da duka ukun. Ya taɓa fita waje kwas na 'yan makonni, tun lokacin aikin dalma aka buɗe masa asusun dala, kuma gidan da yake haya yana da mitar wuta da sunansa. Na same shi da rana a bayan ɗakin gwaji yana wanke hannu, na zayyana masa komai.

Ya daɗe yana goge hannunsa kafin ya ce, “Ɗan Dillali, wannan fa sunana za a sa. Ni a garin nan ba ni da gona, ba ni da dangi. Sunan ne kawai gare ni.”

Na ce, “Haba Likita, ni ne fa. Kuɗina ne, asarata ce. Kai dai ka ara mini ƙofa in wuce.”

“Su ma ba su yarda mutum ya yi da sunan wani ba. Ka karanta dokokinsu?”

Na ce na karanta. Ƙarya ce. Ya dube ni irin duban da yake yi wa uwa in ta ce ta ba yaro magani alhali kwalba a cike take, amma ya shiga ya ɗauko fasfonsa. Ni na ɗauke shi hoto yana riƙe da shi kusa da fuskarsa, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya.

Na zuba ɗan abin da na tara da kwasata ta adashen malamai. Kasuwar tasu tana buɗewa ne da rana tsaka a agogonmu, bayan an tashi makaranta, don haka sai in zauna a gindin darbejiyar asibiti inda sabis ya fi ƙarfi. Sau biyu na kafa, ranar da aka yanka ta zo farashi bai motsa ba, kuɗin suka tafi. Na uku zinare ya yi sama, ya ƙara yin sama, na sayar. Ba arziki ba ne na a zo a gani. Amma ya mayar da asarata, kuma ya isa in sauya wa Inna kwanon ɗakinta da ya shekara uku yana yoyo. Tun a waya na yi mata alkawari kafin damina za ta kwana a bushe.

Muka nemi a turo kuɗin. Kwana goma muna jira. Da suka iso asusun Likita, ya canza su naira a banki ya kawo mini, sai na ga sun gaza abin da na lissafa da kusan kuɗin bandir ɗaya na kwano.

Ya ce, “Sun cire kuɗin turawa. Wani banki a hanya ya cire nasa, namu ma ya cire. Kuma canjin banki ba irin na 'yan canji ba ne. Ga saƙon nan, ka duba.”

Na ce to, ban duba ba. Na tafi ɗaki na kwana uku ina juya abin. Ni malamin lissafi ne, na ga adadi a allo da idona, na ga la'ada da idona an riga an cire ta. Dillali sau ɗaya yake ci, a fili. In kuɗi sun baro hannun mai saye a cike suka iso a rage, to wanda ke tsakani za a tambaya. Haka na gina abin a kaina daki-daki, har na fara tuno yadda ya yi jinkirin ba ni fasfon, na mayar da jinkirin ya zama wayo. Wallahi ina jin kunyar rubuta wannan, amma har na tambayi kaina ko su tsofaffin nan cif yake ba su.

Ban ce masa ɓarawo ba. Na yi abin da a ganina ya fi mutunci, abin da na ga Baba yana yi. Na roƙi wani tsohon hedimasta da wani dattijo mai awon hatsi su zauna mini shaida bayan La'asar a ƙofar shagon mai hatsin, sannan na kira Likita a waya na ce ya zo da sauri. Ban faɗa masa dalili ba. Ya iso a kan babur da jakarsa ta aiki, yana tambayar wa ba shi da lafiya.

Na ce ya zauna. Na yi bayani a gaban dattawan, daga farko har ƙarshe, da murya irin ta aji. Mutane biyu-uku da suka zo awo suka tsaya da buhunansu. Ina magana ina kallon jakar nan a kan cinyarsa, bai ajiye ta ba.

Da na gama ya zaro waya, ya buɗe saƙon bankin, ya miƙo mini. Ban karɓa ba. Na ce, “Waya ai abin da aka sa mata take faɗi.”

Mai hatsi ya gyara zama ya ce, “Malam, ni ba ni jin Turanci. Kai da kaka ji, ka ƙiya ka duba. To mi munka zo shaida?”

Hedimasta ya ce gilashinsa na gida. Na tabbata yana aljihunsa, bai dai son a sa shi a ciki ne.

Likita ya mayar da wayar aljihu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Nawa ne ya ragu a lissafinka, Malam?” Wannan ne karo na farko da ya ce mini Malam tun da muka saba. Na faɗi adadin. Ya gyaɗa kai, ya gaida dattawan, ya hau babur ɗinsa.

Bayan kwana biyu kuɗin suka shigo asusuna, daidai yadda na faɗa, babu ko kalma ɗaya a tare da su. Maimakon jikina ya yi sanyi, sai na ji daɗi. Na ce a raina mai gaskiya ai ba ya biya. Daga baya na ji cewa bikin Istar shekarar bai je gida ba, shi da bai taɓa fashi ba. A Anka ya yi ta, a ɗakin gwaji.

Garinmu ba ya bukatar ka furta kalma. An ga malami ya tara wa Likita dattawa a kan kuɗi, an ga Likita ya biya, shi ke nan. Ba wanda ya zage shi. Uwaye sun ci gaba da kawo yara gwaji, don ba wani mai yi. Amma tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya suka sa 'ya'yansu su riƙa turowa ta wajen mai POS, wanda ke yankar nasa a kan kowace dubu. Na taɓa ganin wata tsohuwa daga wajen Dareta, wadda na san Likita ya yi shekara da shekaru yana karɓar mata kuɗi, tana tsaye a layin POS cikin rana. Ta ga ya taho a babur, ta juya fuska kamar tana gyara lulluɓi.

Na sayi kwano na ɗora a mota na kai Gummi. Ana saukewa a zaure Inna ta fito, ta dubi kwanon, ta dubi bayana.

“Ina ɗana na Anka? Mi yah hana shi zowa?”

Na ce aiki ya yi masa yawa. Ta ce in shigo ciki. Ashe labari ya riga ni, direbobin hanyar nan ba su barin magana ta kwana.

“An ce shaidu kak kira mai.”

Na fara bayani. Na ce ai haka Baba ke yi, dillali la'ada ɗaya gare shi, kuma in aka samu saɓani dattawa ake kira. Ta bar ni har na gama, sannan ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

“Kai mi kas sani ga dillanci? Tabarma kaɗai kag gani. Kahin saniya ta kai tabarmar nan, an biya kuɗɗin kara, an biya mai igiya, an biya mai kora, an biya masu rasit. Bahillace shi kawo saniya tun daga Gwashi, kana zaton abin da mai saye yaf faɗi shi na ka kai gida? Kowa ya san da wanga, ba a dai hwaɗi nai ga tabarma. Kuma tsohonka baƙi biyu yaka kira ma shaidu, waɗanda ba su san juna ba. Bai taɓa kiran shaidu ga wanda yac ci tuwon gidanga ba.”

Na ce, “Inna, in yana da gaskiya me ya sa ya biya?”

Ta dube ni. Ta ce, “Don shi rabu da kai na.”

Ta hana a buga kwanon. Na kawo kafinta ta sallame shi da fura. Ta ce ba ta kwana ƙarƙashin kuɗin Likita. Duk daminar nan kwanon yana jingine a zaure kaji na ɓuya a bayansa, ita kuma tana tara roba a inda ke yoyo. Na yi fushi, na yi wata biyu ban je ba.

Ƙarshen shekarar Likita ya nemi komawa jiharsu. Ya ce hanya ta lalace, kuma mahaifiyarsa ta tsufa. Duka gaskiya ne, amma hanyar ta daɗe da lalacewa bai tafi ba. Ya bi mutane yana sallama, ya je har Gummi ya auna Inna na ƙarshe ba tare da ni ba. Ni ma ya tsaya a ƙofar makaranta ya ba ni hannu. “Malam, sai wata rana. A yafi juna.” Na ce Allah ya kiyaye hanya, ina ganin na yi masa karamci.

Taurin kaina ne ya tona ni. Na ƙudura sai na nuna wa Inna ni ke da gaskiya. Na je Gusau na yi fasfo, na buɗe asusun dala, na sa banki ya buga mini takarda mai adireshin makaranta, na buɗe asusu da sunana a wajen dillalin nan dai. Na yi 'yan cinikayya, ba riba ba asara, sannan na nemi a turo mini kusan adadin wancan karon. Wannan karon ba kowa a tsakani, daga su sai ni.

Kuɗin suka iso a rage. Ina zaune a ofishin malamai lokacin hutun tara, na buɗe saƙon bankin, irin wanda aka taɓa miƙo mini na ƙi karɓa. Ga kuɗin turawa, ga na bankin hanya, ga na bankinmu. Na koma dogon shafin nan na Turanci na gangara har ƙasa, ga shi nan a rubuce tun ranar farko. Dillalin mai arhar la'ada a ƙofar fita yake cin nasa. Na ɗauki biro na haɗa da bambancin canji, sau biyu ina yi don ina fatan in ga kuskure. Abin da ya fito bai bambanta da na Likita ba sai da abin da bai kai kuɗin katin waya ba. Aka buga ƙararrawa ban iya tashi ba, wani malami ya shiga mini aji.

Na je na gaya wa mai hatsi da hedimasta. Mai hatsi ya ce, “Ai mun sani tun rannan.” Na tsaya a majalisa biyu na faɗa da bakina cewa ni na yi kuskure, Likita bai ci mini ko kobo ba. Aka ce Allah Sarki, aka koma zancen farashin taki. Labarin farko ya shiga ƙauyuka da ƙafarsa, na biyun ko tasha bai kai ba.

Sai da na yi sati kafin na iya kiransa. Ya ɗauka da fara'a, ya tambayi makaranta, ya tambayi ko Inna tana shan maganinta kullum ko sai ta ji jiri. Na ce masa na ga saƙon, na ga komai, na roƙe shi gafara.

Ya ce, “Ba komai, Malam. Ya wuce.”

Na ce, “Ka daina ce mini Malam.”

Sai ya ce ana jiransa da samfurin jini, sai an jima.

A ranar na tura masa kuɗinsa, na ƙara da na motar Istar da bai je ba. Na kira Inna na faɗa mata, ta ce in ya karɓa a kira kafinta. Kafin Magariba wayata ta yi ƙara. Ya mayar da su duka, da ɗan saƙo cewa a saya wa Inna magani. Bayan minti ɗaya wani saƙon ya shigo, banki ya zare 'yan nairorinsa na shigowar kuɗi. Na karanta shi har ƙasa, layi bayan layi.

Kwanon yana nan a zaure. Gefen da ke ƙasa ya fara tsatsa.